Cokula shida a gwanjon Amurka: nauyi ake saye ko hannun maƙeri?

Baban Ilham: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Akwai maganar da ta tsaya mini a rai tun ranar Asabar, na ce bari in kawo ta nan. Kun san ina zaune a Providence, jihar Rhode Island. Wani abokin aikina ya ja ni gidan gwanjo a wani ƙaramin gari kusa da mu, inda ake sayar da kayan wata tsohuwa da ta rasu, magada sun ce ba su da wurin ajiye su. Kujeru ne, agogon bango, tangaran, littattafai. A ƙarshen wani tebur na ga cokulan shayi guda shida an ɗaure su da jan zare. Sirara ne ƙwarai, in ka matsa da yatsu biyu za ka lanƙwasa su. A bayan kowanne an buga sunan maƙeri, kusa da shi an buga kalmar COIN. A kan mariƙin kuma an zana haruffa uku masu lauje, farkon sunan mai su.

Na ɗauki ɗaya na kai bakin taga. Leɓen cokalin ta gefen hagu ya cinye, ya yi sumul. Wato wani mai cin abinci da dama ya shekara da shekaru yana gogar ƙasan kofi da shi. Wallahi sai da jikina ya yi sanyi.

Kusa da ni akwai wani dattijo da ƙaramin ma'auni a aljihu. Duk abin azurfa sai ya auna, ya rubuta a takarda. Abokina ya raɗa mini cewa mai narkarwa ne. Da aka zo kan cokulan ya yi ta tayi har dala 70, nan ya tsaya cak, don nan nauyinsu ya ƙare. Na ɗaga hannu na ce 80, aka buga guduma. Da la'adar gidan gwanjo, kashi 25 cikin ɗari, na biya dala 100 cif. Tambayata ita ce: me na saya? Shi ya san abin da yake saye, gram-gram ne. Ni fa?

Maman Sadik: Wa alaikumus salam. Haba Yaya, dala 100 a kan cokulan shayi shida? Da wannan kuɗin zan cika maka kwali da cokulan silba sababbi fil, masu ƙarfi, waɗanda yara ba za su lanƙwasa ba. Ni dai a sana'ata ta kayan ɗaki, abin da ya tsufa farashinsa sauka yake yi.

Ɗan Maƙera: Maman Sadik, silbarku ta kasuwa daban, azurfa daban. Abin da muke kira silba a nan goran ruwa ne ko baƙin ƙarfe marar tsatsa, babu ko ƙwayar azurfa a ciki. Baban Ilham, wannan COIN ɗin fa me take nufi? Mahaifina maƙerin fari ne a cikin birnin Kano, a gindin zugazugi na tashi, shi ya sa maganar ta ja ni.

Baban Ilham: Yauwa ɗan'uwa, dama kai nake jira. Ma'anarta azurfar tsabar kuɗi, wato kashi 900 cikin 1000 azurfa ne, sauran jan ƙarfe, daidai da ma'aunin da tsabar dalar azurfa ta Amurka ta koma a 1837. Ma'aunin Ingila kuwa 925 ne, shi ake buga wa STERLING. Asalin abin shi ne a zamanin da Ingila ke mulkin Amurkawa ba su da ma'adinin azurfa na kirki. Mutum zai tara tsabar kuɗi, galibi dalolin Sifen da aka buga a Meziko da Potosi ta ƙasar Bolibiya ta yau, ya kai wa maƙeri ya ce a yi masa butar shayi ko kofi ko cokula. Maƙeri ya auna, ya narkar, ya ƙera, ya karɓi ladan aikinsa. Babu banki a ƙasar sai wajen 1781 da aka kafa na farko a Philadelphia. To tsabar kuɗi in an sace ta tafi ke nan, amma buta mai sunanka da hatimin maƙeri, kana iya sa cigiya a jarida a gane ta. In kuma talauci ya zo, a mayar da ita kuɗi.

Ɗan Maƙera: Allahu Akbar! Ai wannan labarin maƙerarmu ne kake bayarwa. Kakana da liyari yake aiki, wannan babbar tsabar mai hoton mace da shekarar 1780 a jiki, da tsofaffin sulallan Turawa na azurfa. Mace za ta kawo su a ƙulle a bakin zane, a ƙirga a gabanta, a yi mata mundaye da zobba. Ran da ta shiga matsi ta dawo da su.

Ɗan Agadas: Haka yake a wurinmu. Maƙeran Buzaye da wannan tsabar suka daɗe suna yin sarƙoƙin wuya da aka san Agadas da su. Sai dai azurfarta ba ta kai ta Amurkan ba, 833 ce cikin 1000. Kuma 1780 ɗin nan ba lallai shekarar da aka buga ta ba ce, an ci gaba da buga ta da wannan shekarar har bayan mutuwar sarauniyar da hotonta ke jiki da daɗewa.

Baban Ilham: Maman Sadik, ki saurari wannan, don ki ga inda maganarki ta tsaya da inda ba ta tsaya ba. A watan Janairun 2010 gidan gwanjo na Sotheby's a New York ya fito da wani babban kwano mai mariƙi biyu, aikin wani maƙeri mai suna Cornelius Kierstede, ɗan New York mai asalin Holan, wanda ya ƙera shi tsakanin 1700 da 1710. Sun yi masa ƙiyasin dala 400,000 zuwa 800,000. Da aka fara tayi sai aka ƙi tsayawa, har ya tashi a dala miliyan 5.9. Kafin ranar babu wata azurfar Amurka da ta taɓa kai miliyan ɗaya a gwanjo. Da za a jefa kwanon nan a wuta a auna, abin da za a samu ba zai wuce 'yan dubban daloli ba, in ma ya kai.

Kuma yana da labari. Na gidan wani hafsan sojan ruwa ne, Joshua Loring, mazaunin Jamaica Plain kusa da Boston, wanda ya goyi bayan Sarkin Ingila lokacin yaƙin neman 'yanci. Zuriyarsa suna ba da labarin cewa a cikin rijiya aka ɓoye kwanon, daga baya aka tsamo shi aka kai Ingila, ya zauna a hannun iyalin fiye da shekara 200.

Maman Sadik: Miliyan kusan shida? Na kwano ɗaya? To Yaya ko cokulanka ma...

Baban Ilham: A'a ƙanwata, kar ki sa rai. Irin cokulana an yi su dubbai a kowane gari tsakanin 1820 da 1860, ko gobe na mayar da su gwanjo da ƙyar in fid da kuɗina. A nan maganarki gaskiya ce: yawancin tsohuwar azurfa a Amurka yau da kaɗan ta fi kuɗin nauyinta, matasa ba sa son abin da sai an riƙa goge shi. Abin da ke tashi sama shi ne wanda ya haɗa abu uku: ya tsufa sosai, an san hannun da ya yi shi, an kuma san hannuwan da ya bi har ya iso yau.

Ɗan Zango: Ku yi haƙuri in shigo da wata fuska. Ni daga Kumasi nake bin zancen nan, kuma ina jin ana ta yabon hannu. Hannun wa? Azurfar da aka narkar ta fito daga ramukan Potosi, inda aka tilasta wa 'yan asalin ƙasar aiki suna mutuwa a ciki. Kwanon sukari da ɗan awartakin ɗaukar sukari da ake yi wa ado, wa ya noma raken? Bayi ne da aka kwasa daga gaɓar tekun nan tamu. Na je Elmina, na shiga ɗakunan da aka tsare su, har yau akwai wani wari a wurin da ba ya fita daga hanci. Kai ma Baban Ilham, jihar da kake zaune, jiragen Newport da Bristol suna sahun gaba a fataucin bayi a Amurka. Kuɗin da aka saya wannan kayan ƙawa da shi ba daga sama ya faɗo ba. Ni in na ga butar shayin 1760 ba kyau nake fara gani ba.

Ummi (Baltimore): Kawu, babu abin da ka faɗa da ba gaskiya ba. Ina karatu a nan kuma ina yawan zuwa gidajen tarihi, yanzu wasunsu sun fara rubuta wannan a jikin gilashin da aka sa kayan. Amma akwai abin da ya fi wannan ciwo. A cikin maƙerun kansu akwai bayi da suke ƙira. A Charleston wani maƙeri, Alexander Petrie, yana da bawa mai suna Abraham da ya ƙware a aikin azurfa, da ubangidan ya mutu a 1768 aka sayar da shi tare da sauran dukiya. Duk abin da Abraham ya ƙera, hatimin wani ne a jiki. Saboda haka in an ce aikin wane ne, ana nufin maƙerarsa, ba lallai yatsunsa ba.

Baƙar fata ɗaya na wancan zamani da aka gane aikinsa ta hatiminsa shi ne Peter Bentzon, ɗa ne ba bawa ba, haifaffen tsibirin Saint Thomas, ya koyi sana'a a Philadelphia. Na ga butar shayinsa a gidan tarihin Baƙaƙen Amurka da ke Washington. Ƙarama ce, babu wani ado mai yawa, amma na daɗe a tsaye a gabanta. Ni a ganina, Kawu, wannan dalili ne na kada a narkar. In an narkar, shaidar ma ta tafi.

Ɗan Zango: 'Yata, na karɓi rabin maganarki. A ajiye a gidan tarihi a rubuta gaskiya a gefe, na yarda. Amma attajiri ya zuba miliyoyi ya kai falonsa, wannan ba ajiye shaida ba ne, ƙawa ce a kan ƙawa.

Malam Ɗan Zazzau: Assalamu alaikum. Na ga ana ta lissafin daraja, ba a taɓo abin da ya fi kusa da mu ba. Ya tabbata a Buhari da Muslim cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana ci da sha a cikin ƙoren zinariya da azurfa, kuma hanin ya haɗa maza da mata. Cokali yana ciki. A mazhabarmu ta Malikiyya ma, mashhurin zance shi ne ajiye su ko ba a amfani da su bai halatta ba. Wasu malaman na wasu mazhabobi sun sassauta a kan ajiyewa kawai. Wannan daban da kayan adon mata, su halal ne gare su, da zoben azurfa ga namiji. Haka nan ɗan gyara, domin ya zo cewa ƙoƙon Annabi ya tsage aka ɗaure wurin da azurfa. Sannan akwai zakka: nisabin azurfa dirhami 200 ne, wajen gram 595, ana fitar da kashi 2.5 cikin ɗari in shekara ta zagayo. Baban Ilham, ban faɗi wannan don in ɓata maka rai ba. Kwanon miliyoyin nan kuma da ake magana, in ban yi kuskure ba ai na haɗa barasa ne.

Baban Ilham: Allah gafarta Malam, ba ku yi kuskure ba, na barasa ne, irin wanda mutanen Holan ke zagayawa da shi a taron biki. Kuma na gode da tunatarwa. Maganar ci da sha na sani, ko sau ɗaya ban sa su a baki ba. Amma maganar ajiyewa yau na fara jin ta da wannan ƙarfin. Duka shidan ba su kai gram 100 ba, to zakka ba ta hau su kaɗai ba. Sauran kuma zan yi tunani a kai da gaske.

Ɗan Maƙera: Kafin a wuce, ni aikin nake son ji. Buta guda daga tsabar kuɗi, zubi suke yi ko dukan guduma? Mu dai munduwa zubi ce ko a ja sanda a murɗa. Abu mai ciki kamar buta ban taɓa ganin mahaifina ya yi da azurfa ba.

Baban Ilham: Duka ne. Na kalli wani maƙeri yana nunawa a wani baje koli a nan. Za a zuba narkakkiyar azurfa ta zama curi, a yi ta bugunta har ta zama faifai. A zana da'ira a yanke. Sai a ɗora faifan a kan wani ƙarfe mai zagayayyen kai da aka kafa a kututture, a riƙa bugu daga tsakiya ana zagayawa zuwa baki, layi bayan layi, gefen yana tashi a hankali. In an gama zagaye ɗaya azurfar ta taurare, in ka ci gaba za ta tsage. Sai a mayar da ita wuta har ta yi ja-ja, a tsoma a ruwa mai tsami ya cinye baƙin, a sake komawa kan bugu. Haka za a yi ta yi sau goma ko fiye. A ƙarshe a ɗauko wata guduma mai fuska kamar madubi a bi jikin duka a daddale. Mariƙi da bakin zuba ruwa su ne ake yi da zubi a liƙa. In ka juya tsohuwar buta za ka ga ɗan ɗigo a tsakiyar gindinta, wurin da aka kafa ƙafar abin zana da'ira. Cokali kuwa daga 'yar sanda ake buga shi, a faɗaɗa kai, a ɗora a kan dalma a doka ƙarfe mai siffar ƙwai ya yi masa ciki. Yaro yakan shiga koyo yana ɗan shekara 14 ya fita yana 21.

Ɗan Maƙera: Ja-ja ɗin nan shi ne sirrin. Mahaifina ba ya gasa azurfa da rana tsaka a fili, sai ya ja ta cikin inuwar zaure, ya ce a haske ido ba ya ganin launin, kafin ka farga ta zube. Ashe ko'ina wuta ɗaya ce.

Ummi (Baltimore): Sai dai a yi hattara da kalmar aikin hannu, 'yan kasuwa suna wasa da ita. Paul Revere na Boston, wanda kowane ɗan makaranta a nan ya san shi saboda sukuwar da ya yi a daren 18 ga Afrilu 1775 yana gargaɗin cewa sojojin Ingila na tafe, maƙerin azurfa ne, ya gaji sana'ar daga ubansa ɗan Faransa. Shi da kansa a 1785 ya samo injin murza azurfa ta zama faifai, ya huta da rabin dukan. Daga baya ma ya koma zubin ƙararrawa da murza jan ƙarfe. A garinku Providence kuma, Yaya, kamfanin Gorham da aka kafa a 1831 ya kawo injin tururi daga Ingila a shekarun 1850 yana buga cokula kamar ana yankan alkaki. Ga azurfa ta yi yawa bayan gano ma'adinin Comstock a Nevada a 1859. A 1868 Gorham ya koma ma'aunin 925, kamfanin Tiffany ya riga shi tun farkon shekarun 1850.

Abin mamakin shi ne da inji ya cika kasuwa, sai masu kuɗi suka fara marmarin hannu. A ƙarshen shekarun 1890 Gorham ya fito da wani layi mai suna Martelé, kalmar Faransanci ce mai nufin abin da aka buga da guduma, kuma da gangan ake barin sawun gudumar a jiki don mai saye ya gani. Har teburin kwalliya da kujerarsa suka yi da azurfa zalla suka kai baje kolin Paris na 1900, yanzu yana gidan tarihin birnin Dallas.

Ɗan Maƙera: A bar sawun guduma da gangan? A maƙerarmu in yaro ya kawo aiki da sawun guduma, mayar masa ake yi a ce bai gama ba. Gwaninta ai ita ce ka ɓoye wahalarka.

Baban Ilham: Su ma na farkon haka suka ɗauka, shi ya sa suke daddalewa. Na ga kayan Gorham da yawa a gidan tarihin makarantar zane da ke nan Providence, har da na Martelé, suna da kyau ba ƙarya. Amma ni cokalina marar ado ya fi taɓa ni, domin ba don a nuna wa kowa aka yi shi ba.

Maman Sadik: To ni tambayar 'yar kasuwa zan yi. Ana kawo mana tsofaffin cokula da farantai a cikin dilar kayan gwanjo daga waje, wasu sun yi baƙi ƙirin. Yaya zan gane na gaske?

Ummi (Baltimore): Anti, ki juya bayansa. In kin ga STERLING ko 925, ko COIN, akwai alamar gaskiya. In kin ga EPNS, ko kalmar da ta ƙare da PLATE, ruwan azurfa ne aka shafa a kan wani ƙarfe. Wanda aka rubuta 1847 Rogers Bros shi ya fi ruɗin mutane, suna zaton shekarar ƙira ce, alhali sunan kaya ne, kuma shafe ne. Abin da ake kira azurfar Jamus ko ta nikel babu azurfa a ciki sam. Alkukin kyandir mai nauyi sau da yawa ɓawo ne siriri aka cika cikinsa da siminti ko ƙaro, wuƙa kuma mariƙinta kaɗai ne azurfa. Maganaɗisu ba ya kama azurfa, amma ba ya kama tagulla ma, don haka shi kaɗai bai isa hujja ba. Ma'auninsu kuma oza ce ta musamman, gram 31.1.

Wani abu: Ingila tana da ofisoshin gwada azurfa masu buga hatimin hukuma da harafin shekara. Amurka ba ta da wannan, sai nan Baltimore kaɗai da aka yi daga 1814 zuwa 1830. Sunan maƙeri shi ne jingina. Wannan ya buɗe ƙofar jabu, ana samun tsohon kayan Ingila a goge hatiminsa a buga na Revere. Kuma don Allah in kin samu na gaske kada ki kai a goge shi da inji ko a kankare sunan da ke jiki, rabin darajarsa ke nan kika zubar.

Hajiya Babba: 'Ya'yana, tun ɗazu nake karantawa, jikata ce ke rubuta mini. Mahaifiyata tana da mundaye huɗu na azurfa masu kauri, masu kan ƙulli, da ta gada wurin tata uwar. In tana daka ana jin ƙararsu daga soro. Shekarar da mahaifinmu ya kwanta ciwo aka kai su kasuwa, aka ɗora a ma'auni, aka ba mu kuɗin nauyi. Ban ce an cuce mu ba, magani aka saya da kuɗin, kuma don irin ranar aka ajiye su. Amma ko sunan wanda ya ƙera su ba mu sani ba, hoto ma babu. Da na ji labarin dattijo mai ma'auni sai na ga ranar nan a idona. Ɗana Baban Ilham, Allah ya yi maka albarka da ka ɗaga hannu.

Baban Ilham: Amin Hajiya, Allah ya jiƙan magabata. Nan ma an yi irin wannan, mai yawa kuwa. Daga 1979 zuwa farkon 1980 wasu attajirai 'yan'uwan juna daga Texas, 'yan gidan Hunt, suka yi ta sayen azurfa suna tarawa har oza ta kusa dala 50. Mutane suka yi layi a shaguna da kayan kakanninsu, aka narkar da abin da ba zai ƙirgu ba. Kafin ƙarshen Maris farashin ya rushe. Kuɗin ya tafi, kayan ma sun tafi.

Abin da ya bambanta su da mu, a ganina, rubutu ne. Littattafan cinikin Revere suna nan a ajiye a Boston, da sunan wanda ya yi oda da nauyi da ladan aiki. Kwanonsa na 1768, wanda aka yi don girmama 'yan majalisar Massachusetts 92 da suka ƙi janye takardar ƙorafinsu a kan harajin Ingila, sunayen mutum 15 da suka sa a yi shi suna zane a bakinsa. Da aka zo sayar da shi a 1949, har 'yan makarantar Boston sai da suka yi karo-karo don ya shiga gidan tarihin garin.

Ɗan Agadas: A nan maƙera da yawa yanzu suna zana sunansu a bayan aiki da rubutun Tifinag, tun da baƙi masu saye suka fara tambaya. Tsofaffin kuwa babu suna, sai dai wani dattijon maƙeri ya duba ya ce wannan hannun gidan wane ne. In irin waɗannan dattawa suka ƙare, shi ke nan.

Ɗan Zango: Amma kada mu mai da shi kamar su ba sa sayar da gadonsu. Ai ga shi magadan tsohuwar nan sun watsar.

Ummi (Baltimore): Har wuraren ibada, Kawu. Tsofaffin coci-coci a yankin Boston sun sha kai kofunansu na azurfa gwanjo don gyaran gini. Akwai ma shari'ar da aka daɗe ana yi a kan wasu kawunan ado guda biyu masu 'yan ƙararrawa da ake sa wa naɗaɗɗen littafin Attaura, aikin Myer Myers, Bayahuden maƙerin New York da ya rasu a 1795. Masu ibada a wurin bautar Touro da ke Newport suka so sayar wa gidan tarihin Boston a kan dala miliyan 7.4, wata tsohuwar jama'ar Yahudawa ta New York ta ce ba nasu ba ne balle su sayar. A 2017 kotun ɗaukaka ƙara ta ba na New York gaskiya, cinikin bai yiwu ba.

Malam Ɗan Zazzau: Wannan ya yi kama da mas'alar wakafi a wurinmu: wanda aka ba riƙo ba shi ne mai shi ba. Baban Ilham, game da naka, ga shawara. Tunda abin da ya dame ka kada a narkar ne, ba wai kana son ka mallaka ba, ka nemi inda ake ajiye tarihin garin da maƙerin ya zauna ka ba su. Ka fita daga saɓanin malamai, abin kuma ya tsira.

Maman Sadik: Dala 100 ɗin fa, Malam?

Baban Ilham: Ƙanwata, na sha kashe fiye da haka a abin da ban ƙara tunawa da shi ba. Malam, shawarar ta kwanta mini. Jiya na sa gilashin ƙara girma na karanta sunan sosai, kuma akwai littattafan hatiman maƙera a laburaren garinmu. Ranar Laraba ba ni da aiki, zan je in duba ko zan gano garinsa. Kusan kowane ƙaramin gari a nan yana da ƙungiyar tarihi da ɗan ɗakin ajiya. Abin da nake so su yi shi ne su bincika haruffa ukun nan, ko a gano matar da aka yi wa su, don galibi kayan aure ne.

Ɗan Maƙera: Kafin ka ba da su, don Allah ka ɗauko mini hoton bayan cokali ɗaya, kusa sosai, inda mariƙi ya haɗu da ciki, da kuma wurin hatimin. Ka ajiye ashana a gefe in ga girmansa. Zan kai wa Baba, idonsa ya yi rauni amma in na faɗaɗa masa a waya zai gani. Ina so in ji ko zai iya sassaƙa irin wannan hatimin a kan ƙusa mai tauri, da harafin sunansa. Akwai zobba takwas da zai miƙa ranar Juma'a.

Baban Ilham: Da safe in rana ta fito zan ɗauka a bakin taga, fitila tana sa shi ƙyalli ba a ganin komai. Ka gaida Baba.